Akurki a Lungun Kusfa

Ruwan daren Talata ya kayar da katangar kangon Sallau.
Da safe muka tarar da su ƙarƙashin tsohuwar garwa,
su huɗu, ido bai buɗe ba,
kowacce ba ta cika tafin hannuna ba,
kuka siriri, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba.

Uwar tana bisa azara, jiƙe sharkaf,
tana mana kallon da ake yi wa mai bin bashi.

Yaran Kusfa sun riga ni isowa, aljihu cike da tsakuwa.
Na ce, Ɗanjuma, zubar.
Ya ce, Gwaggo, baƙar nan mayya ce,
an ce cikin dare mutum take zama.
Na ce, in ta zama, turo min ita,
wanke-wanke ya yi min yawa.

Na naɗe 'ya'yan a tsohon kallabi.
Ta biyo ni katanga zuwa katanga,
ba ta sauko ba, ba ta koma ba.

Shekara talatin ina ɗura wa jarirai magani
a asibitin Ƙofar Gayan,
ban san fanshona a bakin kyanwa zai ƙare ba:
madarar gwangwani, ruwan ɗumi, sirinji marar allura,
ɗigo, ɗigo, ɗigo,
sha biyun dare, ukun dare, kiran assalatu.
Ƙaramar ba ta ga Juma'a ba.
Na binne ta gindin zogale, ban gaya wa kowa ba.

Sai batun uwar.
Na ari akurkin kaji wurin Lantana,
na tokare shi da muciya, na ɗaura igiyar shanya,
na sa kan kifin da Kande ke tara min a Tudun Wada
tana dariya, wai Gwaggo ta yi haihuwar tsufa.
Na laɓe bayan randa, sauro na cin rabonsa.

Daren farko na kama muzurun Malam Tanimu,
ya cinye kifin, ya kwanta, bai ko ji kunya ba.
Na biyu, bushiya.
Na uku, barci ya kama ni.
A na biyar ta shigo, ƙafa ɗaya, ta tsaya,
ta shinshina iska, ƙafa ta biyu,
na ja.

Wannan ba kyanwar Lami ba ce.
Ga shaidarta nan, layi uku a damtsena.

Mai keken da ya kai mu Samaru ya ninka kuɗi,
wai fasinjan cikin buhu ya fi kowa surutu.
Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya yi mata aiki,
ya ɗan tsaga kunnen hagu don a gane ta,
ya ce ba za ta ƙara haihuwa a kango ba.
Ni ma ya tura ni a yi min tawa allurar.

Kwana goma tana jinya a ɗakin girkina,
ko sau ɗaya ba ta ci abinci ina kallo ba.
Ran da na ɗaga akurki a bakin lungu
ta fice kamar an harba ta daga gwafa,
ba waiwaye, ba sallama.

Ja-ja ɗin yana shagon hatsin Barau yanzu,
ɓeraye sun yi ƙaura zuwa maƙwabta.
Mai farin wuya tana wurin Ɗanjuma,
aljihun da ya saba da tsakuwa
yau ƙarnin kifi yake yi, uwarsa na ta faɗa.
Ta ukun ta ƙwace min sallaya.

Bayan magariba nakan ajiye kwano a bakin zaure.
Takan zo, baƙa, da tsagaggen kunnenta,
tana ci, ido a kaina,
taku bakwai tsakaninmu, kullum bakwai.

Jiya na ƙirga sau biyu.
Shida ne.